Yara sun ga gona sun ce a bar su a can: in tura su hutun damina ko kuwa?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Hutun Disamban nan na kwashi iyalina muka je wajen wani abokina a wani ƙauye tsakanin Kura da Kadawa a jihar Kano. Tare muka yi sakandare. Ni na tsaya a birni ina aikin ofis, shi ya koma gida ya riƙe gonar mahaifinsa. Kullum muka yi waya sai ya ce mini zumunta a ƙafa take. To bana dai Allah ya nufa. Daga Na'ibawa in ka miƙe titin Zariya ko awa guda ba za ka yi ba.

Washegari da hantsi, da sanyi ya ɗan saki, ya ce mu taso ya zagaya da mu. Muka fara ratsa gonakin tudu inda aka riga aka girbe dawa, an tsayar da kara, an ɗora harawar wake a rassan bishiyoyi don kada dabbobi su kai gare ta. Ko'ina fari fat, sai ƙura da shanun Fulani suna kalar abin da ya rage. Muna hawa gaɓar kanal sai ƙasa ta juya, kore shar iya ganinka. Alkama ta fito ta kai taƙi guda, albasa a fangali, tumatir an yi dashe har ya soma fure. Yarona na biyu ya tambaya wai ko alkamar ciyawar filin ƙwallo ce. Walida ta ga rumbu ta ce ɗakin wane ne wannan babu ƙofa. Auta kuwa ƙarangiya ta cika masa wando ya ɓare baki, aka miƙa masa rake ya manta.

Abin da ya fi tafiya da su shi ne yadda ake jan ruwa daga kanal ba inji. A cika lanƙwasasshen tiyo da ruwa, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a jefa shi ƙetaren gaɓa, sai ruwa ya yi ta kwarara da kansa. Sun jiƙe sharkaf suna gwadawa. Da za mu taho kuka suka yi ta yi.

Yanzu sun kafa mini ƙahon zuƙa, wai dogon hutun damina can za su yi shi, su kaɗai, ba mu. Abokina ya ce a kawo su. Ni raina ya kwanta da abin. Uwarsu ta ce sam. Me kuka gani?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bar su su je. Mu da aka haifa a cikin ganuwa ma, ana ba da hutu ake saka mu a mota zuwa wajen kakanni. A can na koyi surfe da sheƙa da bakace. Yau jikokina ka ajiye musu zangarniyar gero da ta maiwa ba za su bambance ba, wasu ma ba su san tuwon da suke ci daga kara yake fitowa ba. Ka lallashi uwarsu, tsoron uwa ne kawai.

Maman Sadik:
Hajiya, a gafarce ni, zamaninku daban. Ku wajen kakanni aka kai ku, jininku. Wannan gidan aboki ne. In yaro ya yi ɓarna wa zai tsawata masa ba tare da an ji nauyi ba? In ya kwanta zazzaɓi da tsakar dare fa? Ni ina bayan Maman Walida.

Anti Nas:
Ni ba a hana su zuwa nake ba, amma kalma ɗaya a rubutunka ta tsaya mini, Baban Walida: ka ce sun jiƙe sharkaf. Sun shiga cikin kanal ɗin ne ko a gefe suka tsaya? Cutar tsargiya ta yi katutu a wurare da yawa da ake noman rani da ruwa mai tafiya a hankali. Ƙananan katantanwa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, ita kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Ba a gani nan take, sai bayan makonni yaro ya fara fitsari da jini a ƙarshe. A wasu ƙauyukan har ɗauka ake alamar balaga ce ga yaro namiji, shi ya sa ba a kai shi asibiti. Maganinta na nan, praziquantel, kuma yana aiki. Ka sa ido a kansu, in ka ga wani abu a gwada fitsarin. In za su koma da damina kuwa, gidan sauro dole ne, domin gonar shinkafa ce za ta kewaye su.

Baban Walida:
Na gode Anti. Ƙafa dai sun tsoma, ba su yi iyo ba. Zan kula.

Manomin Rani:
Salamu alaikum. Ni a yankin nake noma, don haka bari in faɗi abin da abokinka ba zai taɓa faɗa maka ba saboda kara.

Ku mutanen birni lokacin kwalliya kuke zuwa. Disamba rumbu a cike yake, an gama kaka, an sayar da shinkafa, akwai ɗan kuɗi a aljihu, ba sauro sosai, hanya a bushe. Agusta wata duniya ce. Duk filin da ka gani kore da alkama da albasa, a lokacin shinkafa ce a cikin ruwa da taɓo har gwiwa. Maigida tun asuba yana gona, yaransa ma suna can suna cirar ciyawa, ba mai lokacin zagayawa da baƙo. Babban abin kuma, Agusta shi ne lokacin da hatsin bara ya kusa ƙarewa, sabon gero bai nuna ba. Kuɗin da ke hannu duk ya tafi a taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago. Gidaje da yawa a watan nan awo suke yi a kasuwa kamar ku. Sai ka ƙara masa baki uku, kuma 'ya'yan birni waɗanda ba za a ba su ɗumame da safe a ce shi ke nan ba. Zai yanka kaza, zai sayo burodi da madara, zai ci bashi, kuma har abada ba za ka ji ba.

Ban ce kada su zo ba. In za su zo su zo da buhunsu.

Baban Walida:
Malam, wannan maganar ta shige ni. Amma fa mutumin nan ba ƙaramin manomi ba ne. Da za mu taho sai da ya cika mini but: buhun shinkafa, albasa, dankali, rake, har da zabi biyu a ɗaure.

Manomin Rani:
Ranka ya daɗe, ai wannan ne ya sa na yi maganar. Mu haka muke. Ko rance za a yi sai an cika but ɗin baƙo, don kada a ce ya zo ya koma hannu rabbana. Cikar but ba ita ke nuna abin da ya rage a ɗaka ba.

Ka dawo a watan Maris ka ga ɗaya fuskar. Lokacin kowa tumatirinsa ya nuna a tare. Ka tsaya a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ka ga kwanduna jere ana jiran motocin kudu, farashi ya faɗi, wani ko kuɗin kwando da na ɗauko ba ya mayarwa. Wanda ya gaji sai ya yanka ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa. Shekarar 2016 kuma akasin haka aka yi, tsutsar sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, har kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ya tsaya saboda babu abin niƙawa. Koren da ya burge ka, rabinsa bashi ne a shimfiɗe.

Uwar Biyu:
Tunda an fara faɗar gaskiya bari in ƙara tawa. Ni a ƙauye aka haife ni, aure ne ya kawo ni birni. Duk labarin nan na Baban Walida, maza sun zaga gona, yara sun sha rake, ban ji inda aka ambaci matar gidan ba. Wa ya tashi tun kafin kiran assalatu ya hura icce a wannan sanyin ya ɗora ruwan wankan baƙi? Wa ya yi dakan fura? Wa ya bar ɗakinta ya koma na uwar miji don ku samu wurin kwana? Namiji shi ke cewa "a kawo su", mace ke riƙonsu. Kafin a tambayi zauren nan, an tambaye ta?

Maman Sadik:
Allah ya biya ki, Uwar Biyu. Abin da ke bakina ke nan na rasa yadda zan faɗa.

Baban Walida:
A'a fa, kada a yi mini taron dangi. Maman yara ba zama ta yi aka yi mata bauta ba, tare suka shiga madafi, har turara shinkafa ta taya su. Ita ce ma ta dawo tana ba ni labarin yadda matan garin ke sayen shanshera su turara su shanya su kai inji, da kuɗinsu na kansu.

Uwar Biyu:
Na yarda, Yaya. Amma taya aiki na ɗan lokaci kana baƙo daban, a bar maka yara wata guda daban.

Alhaji Na Kwari:
Ni ta ɓangaren kaya zan yi magana, don na daɗe ina irin wannan zumuncin da mutanen da nake saro wa kaya. Kada ka kuskura ka zaro kuɗi ka ce na shinkafar da ya ba ka ne. Ka mayar da shi ɗan kasuwa, ka mayar da kanka mai saye, zumunci ya mutu. Abin da ake yi, ka tafi da abin da su sai sun fitar da kuɗi suke samu: sabulu, sukari, man girki, turmin atamfa ga matar gida, fitila mai sola, littattafan yara. Kuɗi kuma a hannun tsohuwar gidan ake sa shi a ce ga na goro, ba mai mayar da wannan. In kana son ka yi masa abin da ba zai manta ba, ka aika masa buhun taki a farkon damina ba tare da ya tambaya ba.

Af, tunda Kura ka je, da ka tambayi dattawa tarihin rini. Garin nan ya yi suna da baƙin yadi mai ƙyalli wanda Buzaye ke naɗawa tun kafin a san za a yi kanal a wurin.

Ɗan Haɗeja:
Kowa na yabon koren Kadawa. To ku sani ruwan nan da yara suka yi wasa da shi, da can wajenmu yake zuwa. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja zuwa Nguru duk shekara ta ragu. Iyayenmu da ita suke noman shinkafa, su kama kifi, in ruwa ya janye su shuka wake, makiyaya su samu ciyawa. Yanzu ruwan da ake saki ba ya yankewa rani da damina, shi ya ba ciyawar kacala dama ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan-baki mai cin hatsi kuma ya samu wurin kwana. Inda ake son ruwa babu, inda ba a so ya kwanta. In za a koya wa yara noma a koya musu har da wannan.

Manomin Rani:
Ɗan uwa, ba mu muka gina dam ba, mu ma tarar da shi muka yi. Kuma kada ka ɗauka duk wanda ke kan kanal a wadace yake. Ruwan daga Tiga yake gangarowa ta Ruwan Kanya kafin ya rarrabu, wanda gonarsa ke ƙarshen layi sai na gaba sun ƙoshi yake gani. Mutane nawa ke kwana a gona suna jiran ruwa a wannan sanyin? Kacalar ma muna da ita, gayya muke yi mu shiga mu sare.

Ɗan Haɗeja:
Ban ɗora muku laifi ba, Malam. Hukuma ɗaya ce ke riƙe da mu duka, ta kogunan Haɗeja da Jama'are. So nake ɗan birni in ya tsaya a gaɓar kanal yana ɗaukar hoto ya san ruwan yana da inda ya fasa zuwa.

Shugaban Zaure:
Jama'a, maganar dam babba ce, a buɗe mata nata zaren. A dawo kan yaran Baban Walida.

Malam Ƙarami:
Allah ya saka wa kowa. Ni ladubban shiga gona zan tunatar, tunda yara za a tura. Na sha ganin 'yan birni sun faka mota a bakin hanya sun faɗa gonar mutane suna tsinkar tumatir ana dariya ana hoto. Gona dukiyar wani ce, ko ba shinge. A nemi izini, kuma manomi da wuya ka roƙa ya hana ka, sau da yawa ma ya ƙara maka. A koya wa yara su bi ta gaɓa, kada su taka kunya ko su ratsa fangalin da aka ba ruwa. Su yi sallama su ce sannunku da aiki ga duk wanda suka tarar. Kada a ɗauki hoton matan da ke tsinka ko sheƙa ba da yardarsu ba, matan aure ne, mazansu ba za su so su gan su suna yawo a waya ba. Kuma in an ga garken shanu a ba su hanya, kada yaro ya yi jifa.

Sannan Baban Walida, ka tambaya ko akwai makarantar allo kusa da gidan. In za su yi wata guda kada karatu ya tsaya.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Baban Walida, a gonakin tudun da ka ce fari fat, ba ka ga wani icce da ganye kore shi kaɗai ba? In ka gani gawo ne. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen da ya zuba ya zama taki, 'ya'yansa kuma awaki su ci. Gero na gindinsa ya fi na fili kyau. Nan wajenmu tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tsiron itace a gona suna yi masa aski maimakon su tumɓuke, yanzu jihohin Maraɗi da Damagaram gonaki cike suke da shi. In yaran sun koma a nuna musu shi sau biyu, da rani da damina, su gani da idonsu.

Baban Walida:
Ikon Allah, mun gan shi, har mun huta a gindinsa. Na ɗauka ƙaya ce kawai irin ta daji.

Abban Fatima:
Ba wanda ya taɓo tsaro. Ni ƙauyenmu a yammacin Katsina yake, rabon da in kai yara har na manta, gonakinmu na nesa da gari ma an daina nomawa. Ina karanta labarinka ina jin daɗi ina kuma jin wani abu a maƙogwaro. In Allah ya ba ka ƙauyen da za ka taka da ƙafa da 'ya'yanka ka zaga gona ka dawo lafiya, kada ka yi wasa da shi. Sai dai ka riƙa tambayar mutanen gari halin da ake ciki kafin ka taso, kuma kada ka yi tafiyar dare.

Hajiya Babba:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da kowa gidansa. Ni dai har yanzu ina kan bakata. Duk abin da aka lissafa, sauro ne, ruwa ne, hatsi ne, kowanne da maganinsa. Yaron da aka hana shi taka ƙasa saboda tsoro, ranar da ya girma ba zai san hanyar gidan kowa ba.

Maman Walida:
Assalamu alaikum. Ashe Baban Walida ya manta ina cikin zauren nan. Tun jiya nake karantawa ina dariya.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, wallahi ba tsoro ba ne. Ni ma na ji daɗin garin, kuma matar gidan mutuniyar kirki ce ta ƙarshe. Uwar Biyu ce ta harbo inda abin yake. Muna aikin shinkafa take gaya mini babbar 'yarsu za ta rubuta JAMB, jarrabawar shiga jami'a, bana, kuma jarrabawar a kwamfuta ake yi, yarinyar ko sau ɗaya ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba. Tana so ta turo ta birni ta koya, amma maigidanta ya ce kada a ɗora mana nauyi, gidanmu ɗaki biyu ne. Ku duba fa. Su suna jin nauyin turo mana yarinya ɗaya mai hankali wadda za ta taya ni aiki, mu kuma muna shirin tura musu uku masu ƙiriniya a watan da abinci ya fi wuya. Shekara da shekaru ana abota, 'ya'yansu ba su taɓa kwana a gidanmu ba. Shi ya sa na ce sam. Tasu ta fara zuwa tukuna.

Baban Walida:
To ai ba ki faɗa mini haka ba.

Maman Walida:
Na fara, kana kallon hotunan alkama.

Alhaji Na Kwari:
Hahaha. Malam, ka sha kaye a gida da waje. Amma ka bi a hankali wajen abokin naka. Kada ka ce masa matarsa ce ta faɗa, sai ya ji kamar an kai ƙararsa. Ka ce kai ne kake roƙon a ba ka 'yarka ta zo ta yi shirin jarrabawa a wajenka.

Uwar Biyu:
Kuma Maman Walida ki kira matar da kanki ku tsara, kada maganar ta tsaya tsakanin maza. Ki tambaye ta wane wata ne ya fi mata sauƙi, ita ta san rumbunta.

Baban Walida:
Na kira shi bayan la'asar kamar yadda Alhaji ya ce. Ya ɗan yi ja, wai ɗawainiya, na ce in bai kawo ta ba ni ma ba zan ƙara taka garinsu ba. Ya yi dariya ya ce sai ya shawarci mahaifiyarsa, amma na ji alamar ya sauko. Maganar damina kuma mun bar ta a kan mu je gaba ɗaya ranar Asabar mu kwana ɗaya, da kayan abincinmu da gidan sauro, su ga dashen shinkafa. Dogon zama sai Disamba in Allah ya kai mu.

Manomin Rani:
Dashe kuke son gani ku zo a Yuli, Agusta an gama. Ku bar motar a bakin kwalta, hanyar cikin gari ba ta biyuwa in an yi ruwa, za a zo a ɗauke ku a babur. A saya wa yaran takalmin roba mai tsawo, na kanti ba zai dawo ba.

Anti Nas:
Takalmin roban ya yi, zai rage musu taɓa ruwan. Baban Walida, kada ka manta da maganar fitsarin nan ko da ƙafa kawai suka tsoma.